Kamun Gwaggo

Shekaranjiya 'yan mata uku suka faɗo mana gida a Yalwawa, ko sallama ba su ƙarasa ba babbarsu ta ce in koya musu alewa kafin la'asar, wai ranar Asabar suna da biki. Na tambaye ta abin da ta sani game da alewa. Ta ce, "Haba Anti Hanne, ba sukari da ruwa ba ne?" Na ce haka ne, mutum ma ai ƙashi ne da nama, ta je ta haɗa mana guda ɗaya mu gani. Suka fita suna zumɓura baki. Saboda su da ire-irensu na zauna nake wannan rubutu, don bakina ya gaji da maimaici, kuma duk wanda ya san ni ya san da aka zo rabon haƙuri ba na gida.

Ban zaɓi sana'ar nan ba. Shekarar da aka ba mu jiha, Dutse ta zama hedikwata, aka kawo ni wajen ƙanwar babana, Gwaggo Asabe, don in shiga sakandaren jeka-ka-dawo. Ita kuwa Gwaggo alewa take yi, irin ta ja, wadda maza suka fi yi. Wajen mijinta ta koya. Da ya rasu ya bar mata tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi, da falalen dutse, da ƙusa. Gadon ke nan kaf. Dutsen daga duwatsun garin nan aka faso shi, ana shafe shi da man gyaɗa a juye dafaffen sukari a kai ya huce. Ƙusar kuwa tsawonta taƙi guda, a kafe a ginshiƙin rumfar tsakar gida, daidai goshin Gwaggo. Sai kwanon ruwan randa, da lemun tsami, da wata dakusasshiyar wuƙa. Kada wata ta ce za ta wasa mini ita. Ba a yanka alewa, ƙwanƙwasa ta ake yi ta ɓalle inda aka so.

Aikin farko da ta ba ni shi ne gadin tukunya. Za ki ɗiga sukarin a ruwan sanyi, ki tsamo, ki sa a haƙori. In ya manne, da saura. In ya ce ƙas, ya yi. Tsakanin da saura da ya ƙone, lokacin bai isa amsa sallama ba. Na san haka ne don ranar farko sallamar na je amsawa, na dawo na tarar da kwalta. Rana ta biyu na manta lemun tsami, abin ya huce ya koma gari yana wargajewa kamar yashi. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta zuba mini shi a kwano ta ce abincin ranata ke nan.

Sai da na yi wata biyu ta bar ni na taɓa ƙusa. Ta naɗo curin alewa da zafinsa, ta rataya, ta ce, "Ja." Na fizga da iya ƙarfina. Abin ya ce ɗas, na tafi da baya na zauna daram a kwatarniyar agwagi. Ta tsince guntayen, ta haɗe su, ta mayar kan ƙusar, ta kama da yatsu ta riƙa ja da baya sannu sannu. Curin nan da ya karye a hannuna ya bi ta kamar tunkiyar gida har bakin randa. Ta ninka, ta rataya, ta sake ja, har ya tashi daga ruwan zuma ya koma fari tas.

Na ce, "Gwaggo, wai abin nan ruwa ne ko dutse?"

Ta ce, "Alewa ce. Ba ta son gaggawa. Ke kuma ba ki da komai sai ita, don haka za ku daɗe kuna kokawa."

Amsar ba ta ishe ni ba. Wanda ya cike mini ita malaminmu ne na kimiyya, Mista Danladi, mutumin Filato, Kirista, Hausarsa ta fi ta rabin ajinmu. Ina aji huɗu ya kama ni ina sayar da alewa ta ƙarƙashin tebur, ya ƙwace alewa sanda biyu. Na zaci bulala zan sha. Sai ya ɗora ɗaya tsakanin akwatunan alli biyu a bakin taga inda rana take bugawa, ɗayar kuma ya doke ta da rula ta tarwatse. Ya ɗaga guntu ya nuna mana bakin karayar, sumul yana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Ya ce, "Wannan gilashi ne." Aji ya fashe da dariya.

Ya bari muka gama, sannan ya ce komai na duniya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Na gishiri a jere suke, sahu bayan sahu kamar masallacin Juma'a. Na alewa da na gilashin taga kuwa kamar kasuwa ce ta cika ta batse, wani ya yi tsawa ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ba su yi sahu ba, ba su kuma tafiya. In ka turo a hankali, wannan ya matsa, wancan ya karkace, sai ka ga hanya ta samu. In ka shigo a guje, ba wanda ya sami sukunin matsawa, dole wani abu ya karye. Zafi yana ba su sarari, sanyi yana matse su. Lemun tsami kuma shi ne ɗan fitinar da ke hana su yin sahu, shi ya sa ranar da na manta shi na ci yashi. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, sandar da ke bakin taga ta lanƙwashe cikinta ya taɓa siminti, ba wanda ya taɓa ta.

Na ce, "To Malam, tagar ajin nan ma tana gangarowa ke nan?"

Ya ce, "Ita sai wutar maƙera. A zafin Dutse har a tashi duniya ba za ki ga ta motsa ba."

Na dawo gida da zumuɗi na kwashe duka na faɗa wa Gwaggo. Ta saurara har ƙarshe tana murza gyaɗa, ta ce, "Yanzu gwamnati albashi take biyansa don ya gano alewa ba ta son gaggawa?"

Shekarun nan ciniki ya yi kyau. Ma'aikata sun cika gari, rabinsu iyalinsu na Kano, duk Juma'a sai sun sayi tsaraba. Wani ya sayi sanda ranar Alhamis, ya danne takardu da ita saboda fanka, ya manta ya tafi hutun mako. Ranar Litinin ya zo mana da fayil a hannu kamar an yi masa rasuwa. Alewar ta kwanta ta ratsa tsakanin takardun ta haɗe su sun zama allo guda, kuma fayil ɗin ƙarin girman maigidansa ne. Gwaggo ta ce ya ajiye shi a gindin bishiya ya koma gefe. An ce ƙarin girman bai fito ba sai da tururuwa suka gama nasu aikin.

Muguwar shekararmu ita ce wadda damina ta ƙi ɗaukewa, ga wahalar man fetur. Alewa tana shan laimar iska, ta yi ta gumi tana narkewa a zaune. Aka ba mu aikin gara zuwa Taura, ja da fara, cike da babban daro. Motar ta ƙare mai a hanya ta yi kwana biyu a gefen titi. Da aka sauke a gidan biki, alewa guda ɗaya ce tak, mai siffar daro, da mayafin da muka rufe ta da shi a ciki, da sifanar direba da ya ɗora a kai don kada iska ta yaye mayafin. Da gatari dangin ango suka raba. Direban ya bi su gida gida yana cigiyar sifanarsa. Wata uku muka kife tukunya muna tallar gyaɗa, ba wanda ya sake ba mu gara sai da kaka ta yi.

Duk wannan ba komai ba ne a kan maganar kamu, kuma ita ce dalilin rubutun nan.

Gwaggo ba ta sayar da manyan sanduna da ƙirge, da kamu take sayarwa, daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa, kamar yadda ake auna yadi a da. Gwaggo kuwa gajeriya ce, in ta tsaya bayan turmi sai an leƙa. Kamunta gajere ne, kowa ya sani, kuɗinsa ma daidai shi ne. Shekara da shekaru ba wanda ya yi ƙorafi.

Da aka ƙaddamar da shari'a, kasuwar da muke kai kaya, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ta kafa kwamitin gyaran awo. Dattawa biyar ne, shugabansu muna ce masa Malam Babba. Suna zagayawa suna kifa mudu suna duba wanda aka bubbuge wa gindi. Ni na goyi bayan abin, don na sha sayen sukari a mudun da aka yi wa tiyata. Hukuncinsu ɗaya ne: ranar kasuwa a kira sunanka a lasifika a ce kai matauyin awo ne, a tashe ka daga rumfa.

Ranar wata kasuwa a tsakiyar bazara sai ga Alhaji Tanko, wani dillalin shanu daga wajen Kiyawa. Dogo ne na ban mamaki, in zai shiga rumfarmu sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Haƙoransa na gaba sun zube, don haka mai taushi yake saye, wadda muke saukewa daga wuta da ɗan saura saboda tsofaffi. Gwaggo ta auna masa kamu ɗaya ta ɓalle. Ya karɓa, ya naɗe hannun riga, ya ɗora a nasa hannun. Ko wuyan hannunsa ba ta kai ba.

Ya ce, "Hajiya, an tauye."

Gwaggo ta ce, "Alhaji, kamuna na sayar maka, ban sayar maka da naka ba."

Da an bar su su biyu da nan maganar ta mutu, don har ya fara dariya. Ni ce na tsoma baki. Na ce, "To in raƙumi ya zo saye, da wuyansa za mu auna?" Masu rumfunan kusa suka kwashe da dariya. Alhaji ya miƙe har hularsa ta daki kwanon rufin rumfa, ya nufi ofishin kwamiti da alewar a ɗage kamar tuta.

Suka zo su biyar da sandarsu ta awo. Alewar ta gaza sandar da yatsu huɗu. Malam Babba ya ce za a riƙe ta a matsayin shaida, a zauna kasuwa mai zuwa, kwana bakwai ke nan. Na bi su har ofis. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano ba silin, taga ɗaya ta waya. Sakatarensu ya ɗaure alewar da zare ta kai ɗaya ya rataye ta a ƙusa can sama.

Na ce, "Malam, kada a rataye ta. A kwantar da ita a inuwa."

Ya ce, "Yarinya, ke za ki koya mana ajiyar shaida?" Ya ja ƙofa ya datse da kwaɗo.

Kwana uku sai labari ya iso Yalwawa cewa alewar Gwaggo tana girma. Mutane suka riƙa yin layi a tagar ofishin. Kwana biyar aka ce ta taɓa benci. Wata mata ta yi sallama har tsakar gidanmu ta ja Gwaggo gefe ta tambaye ta ko tana da irin na gashi. Wani manomi ya aiko a tambaya ko ana yi wa gero. Tun ana dariya har maganar ta juye. Aka fara cewa ai dama ba banza ba mace take sana'ar maza, ba banza ba ƙusar nan take kallon gabas. Ƙusar kuwa inda ginshiƙi ya kalla nan ta kalla. A shekarun nan a ce da kai matauyi abin kunya ne, amma a ce da tsohuwa mai sihiri, wannan ba rumfa kaɗai take rasawa ba, ko gaisuwar mutuwa ta je sai an matsa an bar mata tabarma.

Masu sari suka ɗauke ƙafa. Gwaggo ta wanke tukunya ta kife, ba damina ba komai. Ta ce mini, "In aka kira sunana a lasifika da wannan magana, ƙauye zan koma. Ki gaji ƙusar." Ba ta ce bakina ne ya ja ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na sa hijabi na nufi gidan Mista Danladi. Lokacin na gama makaranta da shekaru, shi kuma ya rage shiga jama'a. Ya ji bayanina ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Hanne, ni baƙo ne, kin kuma ga yadda gari yake. In je in tsaya gaban malamai in ce sun yi kuskure?" Na ce ba kuskurensu za ka faɗa ba, misalin nan naka na kasuwa za ka maimaita musu. Ya ce zai duba. Ranar zama ina isa na gan shi a bakin ofis, ya sha kaftani da hula, ya rungumo sikeli mai faranti biyu.

Bayan azahar aka buɗe ɗakin. Zafi ya fito ya mare mu. Ga alewa nan tun daga ƙusa har ƙasa, tsakiyarta siririya kamar bulala, ƙarshenta dunƙule a kan benci. Aka auna da sandar kwamiti, kamu biyu da taƙi. Jama'a sun toshe ƙofa da taga.

Malam Babba ya yi addu'a ya ce, "Magana biyu ce a gabanmu. Ko dai baiwar Allah nan ta tauye, ko kuma ta ƙara ta hanyar da ba ta halatta ba."

Alhaji Tanko ya ce, "Allah gafarta Malam, ni duka biyun nake ƙara."

Na zo da sanduna uku masu taushi, kowace kamun Gwaggo, na jera su a bakin ƙofa suka sha rana. Na nemi izini aka ba ni. Na miƙa wa sakatare kan ta farko ya riƙe, na fizga. Ta ce ɗas, ya tafi da baya ya zauna a kan buta. Wannan ɓangaren ban sha wahalarsa ba, shekara goma ina yi ba da niyya ba. Na ba shi kan ta biyu, na kama na fara ja da baya.

Alhaji ya ce, "Wannan mai bakin ce za ta yi abu a hankali? Ku matsa, yanzu za ta faɗo muku."

Na ji amsarsa ta taso mini har maƙogwaro, amsa mai kyau kuwa, har yau ina jin takaicin asararta. Amma in na buɗe baki hannuna zai fizga, na san kaina. Na haɗiye. Taku ɗaya, in tsaya. Gefen hijabina ya manne a jiki, Gwaggo ta ɓanɓare shi. Alhaji ya ce da jama'a su duba yadda nake motsa leɓe, wai karatu nake yi mata. Zaginsa nake yi a zuci. Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, daga tebur zuwa ƙofa. Alewar ta bi ni ba gardama har na taka dokin ƙofa.

Wani dattijo a cikin kwamitin ya zabura ya ce, "A'uzu billahi! Ga shi nan tana yi a gabanmu!"

Kun ji fa. Na kawo hujja ta zama shaida a kaina. Sai Gwaggo ta ce, "Allah gafarta Malam, ko za ka ja da hannunka mai albarka?" Malam Babba ya yi bisimilla ya kama inda ya fi kauri, ya ja sannu. Ta bi shi. Ya ƙara, ta ƙara.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Malam, ashe kai ma kana taɓawa."

Dariyar da aka yi har masu awaki suka jiyo. Nan Mista Danladi ya sami ƙofa, ya gaida dattawa, ya maimaita musu kasuwarsa da sahunsa. Ya ce nauyinta ne yake jan ta dare da rana, zafin kwano kuma ya ba ta sarari, ba a ƙara mata komai ba, abin da ta samu a tsawo ta rasa shi a kauri. Dattijon da ya zabura ya tambaya ko tagogin sabon gidansa ma za su zubo, aka kwantar masa da hankali.

Alhaji ya ce, "Turanci ne. In ba a ƙara komai ba, a gwada mu gani."

Abin da aka kawo sikeli dominsa ke nan. Mista Danladi ya naɗe shaidar ya ɗora a faranti ɗaya, ya ɗora sandata ta uku a ɗayan. In babu ƙari babu ragi, su tsaya daidai. Farantin sandata ya yi ƙasa. Shaidar ta yi sama, ba kaɗan ba.

Mista Danladi ya sauya farantan, haka. Gumi ya jiƙa masa hula. Alhaji ya ɗaga dogayen hannayensa har suka taɓa kwano, ya ce, "Allahu akbar! Sihiri ya faɗi, tauyewa ta tabbata, da sikelinsu!" Na kalli Gwaggo, ta fara gyara mayafi irin na mai shirin tashi.

Na san hannunta. Ba ta taɓa ɓalle sanda biyu suka bambanta da ƙwayar gero ba. Na ɗauko shaidar na juya dunƙulen ƙarshen da ya kwanta a benci. Gefensa duk ya yi kwari-kwari, sun shafe sun yi sumul. Amma ɗaya bai shafe ba. Sawun haƙora ne, manya biyu na gaba, da fili a tsakaninsu.

Na ɗaga sama na ce, "An ci shaida."

Sakatare ya ce tun a rumfarku ne. Na ce, "Malam, alewar da ta yi tafiyar kamu guda a ɗakin nan, tabo ne zai kwana a jikinta? Ga na jiya da na shekaranjiya nan duk sun shafe. Wannan bakinsa da kaifi, na yau ne, bayan hantsi. Mu kuwa ba mu da makulli. Kuma mai shi yana da wushirya."

Alhaji Tanko ya wage baki ya zagaya da shi ɗakin, dasashi fal. Ya ce, "Ni dai ku shaida."

Na juya wajen dattawan na ce, "To kowa ya yi murmushi mu gani."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya, tabon yana nan. Ba wanda ya yi murmushi. Dattawa biyar a jere a benci, kowa ya datse leɓe kamar an ba shi ajiyar allura. Mutanen da ke taga suna ta miƙo wuya.

Sai Gwaggo ta karɓi alewar daga hannuna, ta duba, ta shafe sawun da babban yatsanta, ta ce, "Ɓera ne, Allah gafarta Malam. Ɓerayen kasuwar nan akwai masu wushirya, na sha gani."

Malam Babba ya yi gyaran murya. Ya yanke hukunci leɓensa na sama bai ɗaga ba ko sau ɗaya, sai da aka matso kafin a ji. Ya ce babu sihiri. Ya ce babu tauyewa, tunda an san abin da ɓera ya ci ba a wuyan mai kaya yake ba. Ya ce a yanko sanda daidai hannun Hajiya Asabe, kwamiti ya yi mata alama, a rataye a rumfarta, duk mai saye ya san da ita ake auna masa. Alhaji ya tambayi makomar alewarsa. Aka miƙa masa kamu biyu da taƙi, aka ce ya ci riba.

Gwaggo ta ce, "Saura lasifika, Malam. Tunda an yi mini alkawarinta."

La'asar sakaliya duk kasuwa ta ji: "Ana sanar da jama'a cewa alewar Hajiya Asabe halal ce, awonta daidai ne. Tsawon da ta yi daga Allah ne da zafin kwano. Kuma don Allah duk wanda ya saya kada ya rataye." Muna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta tayar da tukunya ta ce in kawo itace.

Na san mai wushiryar. Rabin Dutse sun sani. Ba zan rubuta ba, don duk Juma'a yana aikowa a saya masa mai taushi, kuma Gwaggo ta ce wanda ta rufa wa asiri da yatsanta ba ni zan tona shi da biro ba.

Yanzu kafaɗunta sun gaji, ni nake ja, ita tana zaune tana gyara mini. Hannuna ya fi nata da yatsu uku, masu sari sun sha roƙona in auna da nawa. Da sandar nake aunawa. Ku kuma masu biki ranar Asabar, in da gaske kuke, ku dawo. Zan ba ku curi da ƙusa, in tsaya a bayanku in yi ta gaya muku maganar da ba ku so. Wadda ta kai bakin randa ba ta rama ba, ita zan koya wa. Kwatarniyar agwagin tana nan inda take, na cika ta da ruwa.